Haƙorin Baba Sale

Har gobe ban manta ranar da wani dattijo ya shigo ɗakinmu na haƙori da kunci a kumbure ba. Zan kira shi Baba Sale, domin ya yarda in ba da labarin muddin na sauya suna. Lokacin ina sabuwar mataimakiya a wani ƙaramin asibiti kusa da unguwar Briqueterie. Aikina dafa kayan aiki don kashe ƙwayoyin cuta, da kuma tafinta, saboda likitarmu Faransanci kawai take ji.

Baba Sale mai tsire ne, aminin mahaifina. Yana ganina ya tsaya cak a bakin ƙofa.

Da ƙyar ya shigo ya buɗe baki. Wani farin abu ya lulluɓe harshensa, dasashi na jini, kumburin ya fara gangarowa wuya. Ƙa'idarmu, kafin a taɓa haƙori sai an tambayi majiyyaci magungunan da yake sha. Na tambaye shi.

"Babu," in ji shi, yana kallon bango.

Dokta ta ce in gaya masa idan kumburin ya kai maƙogwaro, numfashi zai gagara. Na faɗa masa. Sai ya fara laluben takalminsa.

"Baba, don Allah kada ka tafi."

"Hadiza, ke 'yar gida ce. Ta yaya zan faɗa a gabanki? Wa zai ƙara cin namana?"

"Wallahi abin da aka faɗa a ɗakin nan, ko mahaifina ba zai ji ba."

Ya fasa saka takalmin. Sannan ya ce yana ɗauke da sida, wato ƙanjamau, can wata unguwa mai nisa yake karɓar magani. Tun da dasashinsa ya fara jini ya jefar da buroshi da asuwaki, wai kada jikokinsa su taɓa.

Na fassara wa Dokta, ita ko a jikinta. Ta fitar da mugunyar, ta ba shi maganin da ba zai ci karo da nasa ba. Ta ce ya nemi buroshi mai laushi, nasa shi kaɗai, ya riƙa gogewa safe da dare ko da jini na fita.

Ranar da aka ce ya dawo bai zo ba. Ga gidansa kusa, amma in na je, iyalinsa za su tambayi dalili. Washegari sai ga shi, kumburi ya sace.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku riƙe wannan: majiyyaci ba zai buɗe muku bakinsa ba sai ya tabbata za ku iya rufe naku.