Maganin da Jusoh Ya Ƙi Haɗiyewa

Rumfata tana kallon tagar gefe ta asibitin garinmu, inda masu shan metadon, maganin raba mutum da allurar ƙwaya, ke yin layi kowace safiya. Ban zaɓi wurin don in sa wa kowa ido ba, amma tunda Allah ya ajiye ni a nan, ya kuma yi ni da son jin ƙwaƙwaf, ai ba zan runtse ido ba. Kofi nake sayarwa da shinkafar madarar kwakwa da miyar kifi. Yawancin masu layin masunta ne, na san iyayensu, wasu ma na goya su. Sukan sha maganinsu, su tsallako wurina su wanke ɗacin da kofi mai zaƙi, sannan su gangara bakin ruwa.

Jusoh yana cikinsu. Na girme shi kaɗan, don haka Kak Jah yake ce mini, wato Yaya Jah, ni kuwa sunansa nake kira gatsal. Tun yana saurayi ya shiga manyan jiragen kamun kifi masu kwanaki a teku, a can ya koyo allurar farar hoda. Sanyi, jiƙa, jan taru ba hutu, sai wani ya ce ga abin da zai ɗauke maka gajiya. Ta ɗauke masa gajiyar, ta haɗa da matarsa da babur ɗinsa da haƙoransa na gaba. An sha kai shi gidan gyaran hali, a aske masa kai a sa shi fareti, ya dawo da kumatu, kafin wata ya mutu ya koma gidan jiya. Abin da ya rage masa a duniya shi ne uwarsa, Mak Semek, wato Inna Semek, tsohuwa da yanar ido ta rufe wa gani, da ɗan gidansu na katako a bayan masallaci.

Da aka buɗe tagar nan ban yarda da ita ba ko kaɗan. Wannan wane irin magani ne, a raba mutum da ƙwaya ta hanyar ɗura masa wata? Sai na tsare Cik Oon, kamar a ce Malama Oon, 'yar Sinawan da ke ba da maganin, ranar da ta zo shan kofinta marar sukari. Na yi ta jero mata tambayoyi har kofin ya huce. Ta ce idan an auna shi daidai ba ya bugarwa, riƙe jiki kawai yake yi wuni da kwana, mutum ya yi aikinsa, ya kwana a ɗakinsa, ba mai kulle shi. Wasu ma ƙwaya ake sa musu ƙarƙashin harshe, mashaya giya kuma da ranarsu daban. Ran Laraba sukan zauna da'ira a ƙarƙashin bishiyar bayan asibiti da wani mai ba su shawara, kowa ya amayar da abin da ke cinsa. Wannan zaman ma na sha jin sa, da sunan kai shayi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne dokar tagar. Za ka sha a gabanta, ka kora da ruwa, sannan dole ka yi magana kafin ka juya. Na ce mata wannan kuma na mene ne, ko gaisuwa take so? Ta ce akwai masu riƙe maganin a baki, su zagaya lungu su tofa a kwalba su sayar. Na ce tofaffen yawun? Ta ce, "Kak, akwai masu saye." Ranar ban iya cin abincin rana ba.

To kowa da abin da yake faɗa. Deraman, wani shaƙiyyi mai kunne ɗaya, kullum cewa yake, "Cik, yaushe za ki aure ni?" Ita kuma ta ce ranar da gwajin fitsarinsa ya fito fes. Jusoh nasa gajere ne: na gode, Cik. Daga nan ya tsallako ya gaishe ni, ya tafi gyaran taru a bakin ruwa, don ya daina bin manyan jirage.

Wallahi mutumin ya canza a gaban idona. Ya fara wanka, ya fara zuwa jam'i, gwajin fitsarinsa wata da watanni ba a ga komai ba. Irinsu ake ba kwalabe su tafi da su gida, su huta da layi. Sai dai sharaɗin shi ne a sami wani a gida mai riƙe akwati da makulli, don kada yaro ya sha, ko mai shi ya shanye na kwana uku a zama ɗaya. Shi kuwa wa yake da shi? Tsohuwar da ba ta bambanta kwalbar magani da ta man girki. Haka ya ci gaba da layi, bai taɓa ƙorafi ba.

Sai azumi ya kama. Liman ya riga ya faɗa a huɗuba cewa masu wannan magani marasa lafiya ne, an ɗauke musu, su rama in sun samu hali. Duk da haka da sanyin jiki suke zuwa, wasu da hular babur a ka har gaban taga don kada a gane su. Ni ba na kunna wuta sai bayan azahar, amma nakan zo da safe gyaran kifi. Cik Oon kuma ta tafi hutu, aka ajiye wani sabon ma'aikaci da kansa ba ya ɗagowa daga aikin gabansa, ko ƙirji ka dafe masa a madadin magana sai ka wuce.

Ranar farko Jusoh ya wuce ni ko sallama babu, ya zagaya bayan rumfata inda nake ajiye durom ɗin ruwa. Na ce ikon Allah, Jusoh ne bai gaishe ni ba? Kashegari ma haka. Ni kuwa abu ya tsaya mini a rai ba na iya barci mai daɗi. Rana ta gaba na bar kifin, na laɓe bayan tsibin kwakwa. Ya zo, ya duba hagu da dama, ya zaro 'yar kwalba daga lanƙwasar zaninsa, ya tofa abin bakinsa a ciki, ya rufe, sannan ya kama kurkure baki kamar mai alwala.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tuna Mak Semek da yadda take faɗa wa kowa ɗanta ya warke. Na fito na tare shi, na ce a watan azumi, Jusoh? Ko kunyar Allah babu? Na ce ya faɗa mini wanda yake sayar wa, in je in ci mutuncinsu su biyun.

Sai da na gama zazzaga masa na dube shi da kyau. Gumi yake yi da safiyar Allah, hanci na zuba, yana ta hamma har hawaye na fita. Ya ce, "Ba sayarwa nake ba, Kak Jah. Da magariba nake sha."

Na zauna a kan durom na ce ya yi mini bayani, don ban gane ba. Ya ce tun da ya fara allura bai taɓa kai azumi ko ɗaya ba, amma bai taɓa fashin zama shan ruwa da uwarsa ba. Takan shimfiɗa tabarma, ta ajiye dabino, ta miƙo masa ruwan kwakwa da hannunta tana yi masa sannu da ƙishirwa, alhali ya yi allurarsa da rana ya kora da shayi a bayan jirage. Bana ga shi ya rabu da allura, amma zai sake zama a tabarmar nan da ƙarya. Na ce ai liman ya ce an ɗauke maka.

Ya ce, "Na ji. Amma ita ba ta san an ɗauke mini ba, ta ɗauka yi nake. So nake ko sau ɗaya in karɓi ruwan nan daga hannunta da ƙishirwar gaske."

Tausayinsa ya kama ni, amma bakina bai mutu ba. Na ce ni ba malama ba ce, sai dai azumin da aka fara da cika baki da magani ban san sunansa ba. Na kuma ce masa gobe Cik Oon za ta dawo, ita ba a dafe mata ƙirji a wuce. Ya ce zai san dabara.

Da safe ina gyaran kifi, idona na kan taga. Layi ya zo kansa, ya kurɓa, ya ɗaga kofin ruwa kamar ya sha, ya dafe ƙirji ya juya. Cik Oon ta kira shi da girmamawa, ta ce, "Pak Jusoh, ya idon Mak?" Ya tsaya cak. Deraman ya matso yana ce masa a hankali ya haɗiye mana, ya haɗiye a wuce wurin. Jusoh bai haɗiye ba. Ya juyo, ya ɗauki kofin, ya mayar da maganin ciki, ya tura mata.

Kowa a wurin ya san hukuncin. Wanda aka kama da wannan, maganar kwalaben gida ta mutu, in kuma an tabbatar sayarwa yake, ana iya sallamarsa gaba ɗaya. Ban san lokacin da na tsallaka titi ba, sai da na ga mutane na darewa na lura wuƙar kifin na hannuna. Na ajiye ta a kan taga, na zayyana wa Cik Oon komai, har da laɓewata bayan kwakwa.

Na zaci za ta yi sanyi. Ina! Faɗa ta kama yi masa, ban taɓa jin muryarta ta tashi haka ba. Ta ce rabin maganin na tafiya a yawu, sauran ya sha ba kan lokaci ba, kwana kaɗan ƙwaɗayin ya dawo. Mutum ya koma wa allura da jikin da ya manta ta, a tsince shi a ƙarƙashin jirgi. Ta ce ta binne irinsu, ba ta son ƙari. Sannan ta tambaye shi abin da ya hana shi buɗe baki ya tambaya.

Ya ce, "Inda aka saba kai ni, Cik, ba a tambaya. Ɓoyewa ake yi."

Sai ta auna sabo ta miƙa masa, ta ce na yau sai ya sha a gabanta. Ya dubi kofin, ya dube ni, ya sha, ya kora da ruwa a gaban kowa ana tsaka da azumi. Ya ce na gode, Cik, da wata irin murya da ta sa na kau da kai.

Ta shiga da shi wurin likita, ni kuma na bi su ba wanda ya gayyace ni. Ashe abin da ya ɓoye yana da hanya tun farko. Likita ya ce ana iya jan lokacin shan a hankali, kullum a ɗan ƙara, har ya kai magariba ba tare da jiki ya gigice ba. Amma taga na rufewa da yamma, don haka sai da kwalabe, kwalabe kuma sai da mai riƙe makulli. Cik Oon ta juyo ta dube ni ta ce, "Tunda Kak Jah na sa ido kyauta, sai ta yi shi da izini." Na ce ni? Na ce ina da kifi, ina da jikoki, ina da ciwon gwiwa. Da la'asar dai ga akwatin ƙarfe a ƙarƙashin teburina, makullin a bakin zanina.

Jan lokacin bai yi sauri yadda Jusoh ke so ba. Daga hantsi aka kai azahar, daga azahar aka kai la'asar, shi kuwa kullum yana ƙirga azumin da ke wuce shi yana tsaki. Yakan zo rumfata ya sha a gabana, in ce ya yi magana, ya ce miyata ta yi gishiri. Sai da wata ya raba likita ya ce gobe ya ɗauki azumi.

Wunin ranar ina leƙensa daga nesa. Ya zauna a inuwar jirgi yana ɗinkin taru, leɓɓansa sun bushe sun yi fari. Da yamma na ce ba sai ya zo rumfa ba, ni zan kai masa kwalbar gida. Ya ce don me? Na ce don ƙafata ce. Gaskiyar magana so nake in gani.

Na hau matakalar gidansu na tarar Mak Semek ta shimfiɗa tabarmarta, ga dabino, ga kunun shinkafar da ake rabawa a masallaci, ga kwakwa an fasa. Jusoh ya shigo daga wanka, ya durƙusa ya kama hannunta zai sumbata kamar kullum. Sai ta riƙe kansa da hannu biyu, ta jawo fuskarsa kusa da tata, ta ce ya sake yi mata sallama. Ya sake. Ta ja numfashi.

Ta ce, "Yau kam bakinka na wari."

Ya ji kunya, ya fara cewa ta yi haƙuri, bari ya je ya kurkure. Ba ta sake shi ba.

"Zauna. Shekara da shekaru ina miƙa maka ruwan nan, bakinka sai ƙamshin shayi da taba. Wannan warin nake jira."

Aka buga gangar da masallacinmu ke sanar da magariba da ita, ladan ya ɗaga murya. Ta lalubo kwakwar ta miƙa masa, ya karɓa, ya sha har tana zuba a gemunsa. Na bari ya ci dabino, sannan na kwance bakin zanina na ba shi kwalbarsa. Ya shanye. Na ce to, doka, yi magana. Ya buɗe baki, maganar ta ƙi fitowa. Na leƙa na ga ya haɗiye, na ƙyale shi.