Farantin da Inna Ta Wanke

Ko zan manta komai a duniya, ban da ranar da Inna ta wanke mini farantin jan ƙarfe.

Lokacin ina koyon zane a Parakou. Wata rana malaminmu ya nuna mana tsofaffin zane-zanen mutanen Holand na ƙarni na sha bakwai: fili a shimfiɗe, shanu a gindin itace, sauran duk sararin sama. Ina gani na tuna gida. Sak filin da marigayi Baba ke tara shanunsa a bayan Djougou kafin ranar kasuwa, wanda aka riga aka sayar za a yi gine-gine.

Malam ya koya mini yadda suke yi. A shafe farantin jan ƙarfe da kakin zuma, a baƙanta shi da hayaƙi, a karce hoton da allura, sannan a tsoma a ruwan asid ya ci ƙarfen. Kafin a tsoma, zanen duk a jikin kakin yake, ko farce zai ɓata shi.

Da hutu na tafi gida. Kullum ina filin ina karce hoton ɗorawar da Baba ke jingina da ita, da rijiya, da turakun shanu a farantina. Ban gaya wa Inna ba, wai ni mai ba da mamaki. Na gama ke nan katafila ta shiga. Ina kallo ta tumɓuke ɗorawar, na dafe jakar da farantin ke ciki ina cewa ai na tsirar da ita.

Washegari na dawo daga kasuwa, na tarar da Inna a tsakar gida, ga toka, ga lemun tsami, ga soso, ga farantina a hannunta.

"Auta, zo ka gani," ta ce tana murmushi. "Wannan irin baƙi! Sai da na sa ruwan zafi. Kai dai ƙazanta ba ta rabuwa da kai."

Farantin na ƙyalli, babu komai a ciki sai fuskata. Na karɓa ina jujjuya shi.

"Lafiya? Ko da wani abu a jikinsa?"

"Ba komai, Inna. Sannu da aiki."

Na sha gwada sake zanawa da ka, amma kullum ɗorawar kowa ke fitowa, ba ta Baba ba. Inna ta rasu ba ta san abin da ta goge ba. Farantin na nan, na kasa sa masa allura. Abin da na koya shi ne, in kana yi wa mutum abu, nuna masa tun yana ɗanye. Jiran ya kammala ne ya hana Inna sake ganin inuwar mijinta.