Carbin Baba da Lamba Shida

Mahaifina fataucin hatsi ya yi tsakanin Gwaram da Birnin Kudu. Yana da wata ƙa'ida da duk garinmu Kwandiko ta san shi da ita. In ya aiko mutum gida a ba shi buhu, sai ya haɗo shi da carbinsa, wani baƙi mai jar ƙwaya guda ɗaya. In babu carbi, Inna ba ta buɗe rumbu, ko da ƙaninsa ya aiko. Na taɓa ganin amininsa ya zo ba carbi, ta dama masa fura, ya sha ya ƙoshi, sannan ta mayar da shi hannu rabbana, ta ce ya gaida Malam.

Da wannan carbi na ci abinci shekara da shekaru, bayan na zama malamin kwamfuta a wata sakandare. Nakan gaya wa ɗalibai cewa lambar sirri mabuɗin rumbu ce, ba a ajiye ta ƙarƙashin turmi. Lambar nan da ake turo wa mutum a waya kuwa carbi ce, duk wanda ya riƙe ta shi za a buɗe wa ƙofa. Ina kuma kawo musu misalin irin geron Inna, wanda take raba shi biyu, rabi a rumbu, rabi a tukunya a gidan yayarta a Maruta, saboda gobara ba ta sallama. Har dattawa ke kawo mini wayoyinsu ina yi musu faɗa. A lokacin ji nake babu ya ni.

Da Baba ya tsufa ya bar fatauci, na saya masa waya. Bai iya rubutun boko ba, sai saƙon murya. Kullum da hantsi sai ya turo: an yi ruwa, akuya ta haihu, yaushe zan zo gida. Wasu ma ban saurare su ba, ina cewa sai na huta. Washegarin rasuwarsa Inna ta sa na kunna mata guda ɗaya. Ta ji har ƙarshe, ta ce in adana sauran, za ta riƙa ji ɗaya bayan ɗaya in an yi arba'in.

Ranar sadakar uku ina kan tabarma a ƙofar gida waya ta yi ƙara. Muryar dattijo ce. Ya yi ta'aziyya, ya ja addu'a mai tsawo, ya ambaci sunan Baba da sana'arsa da garinsa. Duk waɗannan ni na rubuta su da hannuna a sanarwar rasuwa, amma hakan bai faɗo mini ba. Ya ce tsofaffin abokan fataucinsa sun buɗe zaure a waya don saukar Alƙur'ani, suna so su saka ni, an turo mini lamba shida in karanto masa.

Na ga lambar, na ga gargaɗin da ke ƙarƙashinta cewa kada a ba kowa. Ba zan yi ƙarya in ce ban gani ba. Amma mutumin da ya gama yi wa ubanka addu'a, da wane baki za ka ce masa ba ka yarda da shi ba? Kunya ta kama ni, na karanto masa su ɗaya bayan ɗaya, har ina yi masa godiya.

Kafin la'asar an fitar da ni daga manhajar hirar da Baba ke turo mini saƙo ta cikinta, ana ta roƙon mutane gudummawar makoki da sunana. Na hau mashin zuwa Birnin Kudu raina a ɓace, na miƙa wa wani mai gyara a bakin tasha wayar, na ce ya wanke ta tas. Ya tambaye ni ko na ajiye abin da ke ciki a wani wuri. Na daka masa tsawa, wai ni zai koya wa aikina. Bawan Allah ya yi abin da na ce. Bayan mako guda na dawo da shafina, amma babu komai a ciki. Ni mai wa'azin tukunyar Maruta, ban taɓa ajiye muryar Baba a wuri na biyu ba. Har yau ɓarawon nan ba ya ba ni haushi kamar yadda nake jin haushin kaina.

Da aka yi arba'in Inna ta kira ni ɗakinta, ta gyara zama, ta ce in kunna. Na gaya mata komai ban rage ba. Ba ta yi kuka ba, na so a ce ta yi.

"Da ya kira ka, me ya nuna maka?"

"Babu komai, Inna. Addu'a ya yi."

"Addu'a ai kowa ya iya ta."

Carbin Baba na rataye a jikin ƙusa kusa da gadonta, tun ranar jana'iza aka ce ni za a ba. Ta miƙa hannu ta cire shi, ta saka a ƙasan adakarta, ta kulle, ta ɗaure mabuɗin a bakin zaninta.