Irin Alkamar Inna Aina'u

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da na Inna Aina'u, kuma ba ta taɓa hana ƙamshin funkasonta tsallakowa ba. A ƙauyenmu da ke gefen Tsanyawa, in dai maganar alkama ake yi, sai sunanta ya fito. Gajeriyar tsohuwa ce mai tsokanar tsiya. Ni kaina ta taɓa ce mini miyata kamar ruwan wankin tukunya, kafin in gama fushi sai ga daddawa ta miƙo ta saman katanga.

Alkamarta ja ce, mai ƙananan ƙwaya da dogon kara, iska kaɗan ta kwantar da ita. Manoman rani sun daɗe da watsar da ita saboda ba ta cika buhu. Inna ta ƙi. Wajen kakarta ta gaje ta, a bakin zane ta ƙullo ta zuwa gidan aure, kuma duk shekara in sanyi ya shigo sai ɗanta Abdussalam ya ware mata gefe a fadama, yana yi yana ƙunƙuni. In an girbe, ba mai sa ta a baki sai Inna ta zaɓe masu ƙoshi, ta cuɗe su da toka saboda ƙwari, ta zuba a tulu ta tura ƙarƙashin gado. Sauran kuwa dashishi ne, da funkaso da miyar taushe, da rabon maƙwabta. Kafin damina ta fita babu ko ƙwaya sai abin da ke tulun nan. A duk yankin ban san wani mai ita ba.

Sai Abdussalam ya auro Ramlat daga cikin birni. Yarinya mai ladabi da son a yabe ta, amma hannunta na yoyo. In tana wanke hatsi a bakin rijiya, rabi a ƙwarya, rabi ya bi ruwa.

"Tun zuwanki kajin gidan nan suka yi ƙiba," in ji Inna. "Allah ya saka miki a madadinsu."

Ramlat sai ta sunkuyar da kai tana murmushi. Inna na sonta, kowa ya sani, don wanda ba ta so ba ta tsokanarsa. Har ɗakinta ta shigar da ita ta nuna mata tulun, ta ce, "Kin ga wannan? Irin alkamata ne."

Bayan kaka, ana shirin shukar rani, 'yar Inna mai suna Maijidda ta haihu a Dawanau, jikan fari. Inna ta tafi zaman jego. Daga can ta bugo wa Ramlat waya ta ce a yi alkakin suna, kada kuma a yi mata da farar alkamar nan mara ɗanɗano. "Ki nemo irin alkamata," ta ce.

Abin da take nufi, a duba kasuwa a samo mai kama da tata. Ramlat kuwa ta san inda irin alkamar Inna yake, da bakinta ta faɗa mata. Har daɗi ta ji, wai Inna ta yarda da ita, ta ba da dukiyarta saboda jika. Abdussalam yana fadama. Ta jawo tulu, ta wanke toka tas, ta shanya, ta aika inji aka ɓarzo. Ta murje da mai, ta kwaɓa da nono, ya kwana ya yi tsami, ta naɗa ta soya ta tsoma a zuma. Na ji ƙamshin ta katanga, har na ce a raina yarinyar nan ta iya.

Ina wurin ranar suna. Mata sun cika tsakar gida, aka buɗe kwano, Inna ta ɗauki alkaki ɗaya ta gutsura. Sai na ga ta daina tauna.

"Ramlat, ina kika samo alkamar nan?"

"Irin naki ne, Inna, na cikin tulu. Yadda kika ce."

"Duka?"

"Duka, Inna. Ban rage ba."

Na san me ke nan: irin shuka ya ƙare. Na jira faɗa, don Inna ba ta ajiye magana. Ta dubi yarinyar tana ta fara'a a gaban baƙi, ta dubi abin da ke hannunta, sai ta cinye shi a hankali har da lasar yatsa.

"Ko ni ban taɓa yin mai daɗin wannan ba," ta ce. "A raba wa kowa."

Sai a mota, a hanyar dawowa, na yi wa Ramlat bayani. Ta yi kuka har muka iso Tsanyawa.

Da Inna ta dawo gida bayan kwanaki, ba ta zama kamar da ba. Ba tsokana, ba leƙe ta katanga. Abdussalam ya zaga kasuwar hatsi ta Dawanau rumfa-rumfa, ya dawo da jajayen alkama kala-kala, ta murza ta shinshina ta girgiza kai. Ramlat ta durƙusa tana ba da haƙuri, Inna ta ce ai bakinta ita Innar ne ya yi laifi. Amma na ganta ta rungume tulun da babu komai, kuma na ji tausayinta ƙwarai.

Wata safiya na ji muryarta kamar da.

"Ramlat, zo ki ga ɓarnarki."

Na ɗora turmi na leƙa. Ruwan bakin rijiya yana gangarawa cikin ɗan shingen ƙaya da Inna ta yi wa barkononta saboda kaji. A nan, cikin laka, tsirrai ne kore shar, tsawon yatsa, sun bi hanyar ruwa a jere. Ƙwayoyin da suka kuɓuce wa Ramlat ranar wanki ne. Inna ta durƙusa tana shafa su, hawaye na zuba, tana dariya.

Ranar ta tumɓuke barkonon ta ba su fili. Ta ƙara ƙaya, ta kafa kujera a wurin tana korar tsuntsaye har suka nuna. Abin da aka samu bai cika ƙaramar ƙwarya ba. Shekara biyu ba mu ci funkasonta ba, duk abin da aka girbe iri ne.

Yanzu tulu biyu ne, ɗaya a ɗakin Inna, ɗaya a na Ramlat. Yarinyar ta koyi wanki, ba ta yarda ko ƙwaya ta faɗi. Rannan na ji Inna ta tsaya a kanta a bakin rijiya.

"Wannan ƙwarewa ta yi yawa, 'yar nan," ta ce. "Ki riƙa barin kaɗan yana zubewa."