Maganin Wanke Inji da Motar Surukina

Shekarun baya, ban daɗe da yin aure ba, na yi wata gwaninta da har yau in ta faɗo mini a rai sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ni ɗan kasuwa ne, yadi nake sayarwa. Iyayena daga Kano suka zo Gombe, a nan aka haife ni, amma baki da rawar kai duk na gida ne, ban bar ko ɗaya ba. In abu bai yi mini ba, a take zan faɗa, kuma a zatona kowa ma haka yake. Matata kuwa 'yar unguwar Jekadafari ce, daga tsohon gidan Fulani, mutane masu kawaici da kunya. Mahaifinta tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya, dattijo marar hayaniya. Bai taɓa kiran sunana ba, Malam yake ce mini.

Yana da wata tsohuwar farar mota tun ta zamanin aikinsa. Kowa a unguwar ya san yadda yake lallaɓa ta, da hannunsa yake duba ruwa da baƙin mai kafin ya tayar. Ita ke kai shi gona, ita ke kai surukata asibiti. Ranar Juma'a kuma ita ke kwasar dattawan layinsu zuwa masallaci, in an yi rasuwa ko ɗaurin aure a Kumo ko Dukku ita ce dai. Mutumin nan ba shi da dukiyar a zo a gani, amma da motar nan yake wa jama'a hidima, kuma ana ganin girmansa a kan haka.

Wata rana na tsaya shan mai, sai ga wani mai talla da ƙaramar lasifika ya tara mutane. Ya ɗauko kofin gilashi da baƙin mai a ciki, ya ɗiga wani ruwa daga kwalba, ya girgiza, sai ga dattin ya tsinke ya kwanta a ƙasa. Ya ce haka maganin yake wa cikin inji. Kala biyu ne, ɗaya a tanki ake zubawa, ɗaya a wurin baƙin mai. "Alhaji, zuba ka manta kawai," in ji shi. "Tsohuwar mota sai ta koma budurwa, shan mai kuma ya ragu." Na ce kai, wannan ai ba a barin sa. Na saya.

Na zuba na tankin a motata, sai na ji ta yi laushi, tana tafiya sumul. Ban kawo a raina cewa a satin nan na yi juyen baƙin mai na kuma canza fulogi ba. Ina! Ai magani ne ya yi aiki. Daga nan na zama malamin inji a layinmu na kasuwa, ni da ban san inda ake zuba man birki ba.

Sai zuciyata ta raya mini in burge surukina. Na ƙara sayen na tankin, na ɗauki kwalaben biyu na nufi Jekadafari, na durƙusa na gaishe shi, na kwashe bayanin mai lasifika kaf na juye masa, har da ƙari. Ya karɓi kwalba ɗaya ya jujjuya ta a hannu.

"Anya, Malam?" ya ce. "Motar nan ta tsufa, ta saba da abin da ta saba."

"Baba, ai tsufan ne ma ya sa take buƙata. Ni na gwada, wallahi sai ka ce sabuwa."

Ya yi shiru na ɗan lokaci yana kallon ƙasa. Da ina da hankali a lokacin, da na gane wannan "anya" ɗin da shirun su ne iyakar a'ar da zai iya ce wa mijin 'yarsa. Ni kuwa na ɗauka tunani yake. Can ya ce, "To, bismillah," ya buɗe mini gaban motar. Da hannuna na zazzage ɗaya a tanki, ɗaya a baƙin mai, ko rubutun jikin kwalbar ban duba ba. Na karkaɗe hannu na tafi ina jin kaina.

Bayan haka duk zuwan da zan yi gaisuwa sai na tambaya, "Baba, yaya motar?" Sai ya ce, "Alhamdulillahi, Malam. Allah ya yi albarka." Na kan ga ƙofar garejin a rufe, ban taɓa kawo komai ba. A kasuwa kuwa na samu hujja. Duk wanda ya yi mini gardama sai in ce, "Je ka tambayi surukina, motar da ta girme ka ma ta warke." Har wata kwalbar na ƙara saya na kai masa tsaraba. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya sa albarka. Wayyo ni.

Ranar da asiri ya tonu Juma'a ce. Na rufe shago na kama hanyar masallaci, cunkoso ya tsayar da ni a wajen shataletale. Ina waigawa sai ga surukina a bayan ɗan acaɓa. Rana tsaka, ya tattare babbar rigarsa a cinya, hannu ɗaya ya dafe hula, ɗayan ya riƙe ƙarfen baya, ɗan acaɓan kuma yana ta kutsawa tsakanin motoci da shi. Muka haɗa ido. Ya kawar da kai, ni ma na kawar, kamar ba mu san juna ba. Na yi sallar nan amma ban san me liman ya faɗa a huɗuba ba.

Ina komawa gida na tsare matata. "Ke, ina motar Baba?"

Ta sunkuyar da kai. Sai da na matsa sannan ta ce, "Ta lalace. Tun satin da ka zuba abin nan. A hanyar gona fitilar mai ta kama, injin ya fara ƙara, kafin ya samu wurin tsayawa ta mutu. Janyo ta aka yi."

"Shi ne ba wanda ya gaya mini? Kina ji ina ta cika baki a gabanki!"

"Baba ne ya hana. Ya ce duk wanda ya gaya maka bai yafe ba. Ya ce da kyakkyawar niyya ka yi, ba za a kunyata ka a gidan surukai ba."

Fiye da wata guda ke nan dattijon nan yana hawa acaɓa, surukata tana zuwa asibiti a keke, dattawan layinsu kowa yana neman hanyarsa ranar Juma'a, ni kuma ina kasuwa ina tallata shi a matsayin shaida.

Da safe na je wurin yayan matata na ce a ba ni motar in gyara. Ya yarda, amma ya ce da sunansa za a yi, don in Baba ya san na sani, ba zai bari ba. Muka kira janwe aka kai ta gareji a Herwagana. Bakaniken ya sauke injin, ya nuna mana wani baƙin datti kamar kwalta da ya toshe hanyar mai. Ya ce irin na baƙin man nan ba a yawo da shi a cikin inji, ana zubawa ne a bar mota ta ɗan yi aiki a tsaye, a juye nan take. Na tambaye shi ko maganin ne ya kashe injin. Ya ce ba zai rantse ba, injin ya ga jiya, amma shi dai da motarsa ce ba zai zuba ba. Sai ya yi dariya ya ƙara da cewa, "Ni abin da ya ba ni mamaki, Alhaji da hankalinsa. Ranar da na je na duba ta a gida na ce wa ya ba shi wannan shawara, ya ce ba kowa, shi ya gani a gidan mai ya saya ya zuba da hannunsa. Tsufa ke nan!"

Na buɗe baki zan ce ni ne, yayan matata ya taka mini ƙafa. Da muka fito ya ce, "Kul. Haka ya gaya wa kowa a unguwa. In ka ce kai ne, ka mai da shi maƙaryaci a idon mutane. Wanne ya fi?"

Aka gyara mota, ta koma gida, ta ci gaba da aikinta. Na je gaisuwa na durƙusa, na shirya kalmomin neman gafara tun daga hanya. Ina cewa "Baba, dama maganar motar nan," sai ya katse ni: "Yaya kasuwa, Malam? An ce yadi ya yi tsada." Shi ke nan, bai sake ba ni ƙofa ba.

Abin da ya fi ci mini rai ya faru ne a wani sunan jikarsa. Muna zaune a ƙofar gida, dattawa a kan tabarma, ni a gefe. Sai wani abokinsa ya fara tsokanarsa: "Alhaji likitan mota! Yaushe za ka zo ka yi wa tawa allura?" Aka kwashe da dariya. Wani ya ce ai mutumin da ke duba ruwan mota kullum shi mai lasifika ya yi wa wayo. Surukina ya yi murmushi ya ce, "Ku bari kawai, kowa da ranar wautarsa." Ko inda nake bai kalla ba.

Yanzu in aka tambaye ni ko magungunan nan suna aiki, gaskiya nake faɗa: ban sani ba. Wataƙila akwai na kirki, in an bi ƙa'idarsu a injin da ya dace. Abin da na sani shi ne shaidata ta farko juye da sabon fulogi ne, ta biyu kuma kawaicin dattijo ce. In za ka tambayi ko abu ya yi aiki, tambayi wanda ba ya jin kunyarka. In kuma babba ya ce maka "anya", to ka mai da kwalbarka aljihu.

Surukina ya rasu, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Har ya koma ga Allah abokansa ba su daina ce masa likitan mota ba, kuma kullum yana amsawa. Sunana ne wannan, shi ya amsa mini shi har ƙarshen rayuwarsa.