Ruwan Hodar Renzo Cavallaro

Duk wanda ya taɓa sayen tikitin wasan kwaikwayo a zauren garinmu ya ga aikin Renzo Cavallaro, amma kaɗan ne suka taɓa ganinsa a bakin aikin. Shi ne mai fitilu. Mazauninsa wani ɗan akurki ne a bayan zauren, saman ƙofar shiga, sai an hau tsanin ƙarfe ake isa. In damina ta sauka a nan arewacin Queensland, ɗakin nan tanda ne sak, amma ba a taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Ƙorafinsa na wasu abubuwan ne, kuma suna da yawa.

Ubansa daga Italiya ya zo yankan rake. Shi Renzo bai gaji adda ba, aikin lantarki ya koya, ya yi shi a masana'antar sukari har ya yi ritaya. Ranar da ya fara shiga zauren ma fanka aka kira shi ya gyara. Yana kan tsani sai wata yarinya mai suna Glenys ta hau dandamali ta fara waƙa. Fankar nan sai da ta ci mako ana gyaranta. Kafin a sake yankan rake an ɗaura musu aure, kuma tun daga lokacin ita tana gaba tana waƙa, shi yana baya yana haska ta.

Akwai wata leda mai launi da ake sa wa a bakin fitila. Renzo ya zaɓa wa matarsa ruwan hoda mai taushi, wanda ke shafe duk wata gajiya daga fuska. A gwangwanin biskit yake ɓoye ledar, shi yake yanka ta da almakashinsa. In wata 'yar wasa ta ce ita ma a ɗan taɓa mata, sai ya ce ta ƙare. Shekara ta fi talatin tana ƙarewa.

Kishi kuwa, ba a magana. Duk namijin da wasa ya sa ya riƙe hannun Glenys, sai ya tsinci kansa cikin duhu-duhu. Mai kantin maganin garinmu ya sha fitowa a matsayin mijinta, kuma har yau yana cewa ko uwarsa da ke layin gaba ba ta taɓa gane shi ba. In an yi wa Renzo magana sai ya ɗaga kafaɗa ya ce fitilar gefen ce ta tsufa.

Haka ake tafiya har aka sayo wa zauren sababbin fitilu, irin waɗanda ke canza launi da kansu ba sai da leda ba. Tare da su, kamar gyara a kan ciniki, aka samu Warwick Pendle. Mutumin Brisbane ne, ya ƙare rayuwarsa yana haska manyan mawaƙa, matarsa ta rasu, ya dawo garinmu kamun kifi. Ga fara'a, ga haƙora farare, ga gajeren wando kullum a goge. Abin da ya fi ƙona wa Renzo rai shi ne mutumin ba shi da wani aibin da za a kama.

Warwick yana da manhaja a wayarsa da ke magana da allon da Renzo ke sarrafa fitilu da shi. Daga duk inda yake tsaye, ya shafa gilashi, fitila ta kama, ya sake shafawa, launi ya juya. Ba ya bukatar hawa akurki. A kan dandamali yake tsayawa, kafaɗa da kafaɗa da 'yan wasa, yana tambayarsu, “Wannan ya yi miki? Ko a rage?” Renzo kuwa yana can sama yana leƙe ta taga, yana ganin kan matarsa da na Warwick sun haɗu a kan waya ɗaya, suna dariyar da ba ya jin dalilinta.

A shekarar ne Glenys ta ce wasanta na ƙarshe ke nan, gwiwa ta ƙi. Za ta fito a matsayin tsohuwar da ta binne miji ta sayar da gonar rake, ta zauna ita kaɗai a teburin kicin ta yi waƙar rufewa. Renzo ya sa a ransa cewa ko sama da ƙasa za su haɗe, shi zai haska waƙar nan, kuma da ruwan hodarsa. Don haka ya hana a sauke tsohuwar fitila guda ɗaya, ya sa mata sabuwar leda daga gwangwani.

Wata safiya suna shan kofi a baranda ya kasa haƙuri.

“Me yake nuna miki a wayar nan ne kullum?”

“Fitilu mana, Renz. Me kake so ya nuna mini, kifi?”

“Fitilu suna sama. Ni ma ina sama. Ban ga kina ɗaga kai ba.”

Glenys ta ajiye kofi ta dube shi. “Tsoho, kunya dai ba ta kama ka? Jikoki gare mu fa.”

“Shi ma ai jikokin gare shi, bai hana shi goge wando ba.”

Ta yi dariya har da tari. Da ta lafa ta ce, “Af, waƙar ƙarshen nan, ina ganin da a gwada farin haske.”

“Bar mini wannan,” in ji shi, ya tashi ya shiga ciki. A ransa ya riga ya yanke cewa ba maganarta ba ce, bakin Warwick ne a bakinta.

Ranar Lahadi da yamma aka yi gwajin ƙarshe, kowa da kayan wasansa, an rufe tagogi da baƙin ƙyalle. Komai ya tafi daidai har aka zo waƙar. Glenys ta zauna a tebur, butar shayi a gabanta. Renzo ya tura maɓalli, ruwan hoda ya sauko mata a hankali, ya yi ajiyar zuciya. Ba ta gama baitin farko ba sai hodar ta ɗauke, wani haske fari fat ya maye gurbinta.

Allon da wayar, wanda ya taɓa daga baya shi ke da iko. Renzo ya san haka. Ya mayar da hoda. Fari ya dawo. Ya sake mayarwa, yana zagi da Italiyancin ubansa. Fari ya sake dawowa. Fuskar baiwar Allah ta koma kamar fitilar motar 'yan kwana-kwana, mai fiyano ya rikice, Noelene mai ba da umarni ta miƙe tana ihu, “Renzo! Aljanu ne suka shiga ɗakin naka?”

Abin da bai taɓa yi ba ya yi a ranar: ya bar allonsa ana tsakiyar gwaji. Ya sauko tsanin nan da saurin da gwiwarsa ta manta, ya ratsa kujeru yana neman Warwick. A kicin ɗin zauren ya same shi, hannu ɗaya da faranti, ɗaya da yankan kek, baki cike.

“Ina wayar?”

Warwick ya haɗiye da ƙyar. “Sannu, abokina, lafiya? Ai tana wurin Glenys tun ɗazu. Ita ta ce in haɗa mata farin a wuri ɗaya, ta taɓa kawai.”

Renzo ya juya. Glenys tana nan zaune a teburinta, ta sa hannu bayan butar shayi ta ɗago wayar.

“Ni ce, Renz.”

Ta ajiye wayar a kan tebur. Ta ce, “Na gaya maka a baranda, ka ce in bar maka. Warwick ya ɗauke ni hoto a haskenka, na gani. Matar nan ta binne miji, ta rabu da gona, kai kuma ka mayar da ita 'yar tsana. Tun ina yarinya kake yi mini kwalliya daga sama, ban taɓa cewa komai ba, don na san so ne. Amma wannan shi ne na ƙarshe. Ina so a gan ni.”

Da Warwick ne ya yi, da Renzo ya san yadda zai yi da shi. Wannan kuwa bai san inda zai ajiye ta ba. Ya koma ya hau tsaninsa a hankali.

Ranar Asabar da rana zauren ya cika maƙil, har da waɗanda aka kawo a mota daga gidan tsofaffi. Kafin a ɗaga labule Warwick ya leƙo ta ramin tsani, ya ajiye wayar a kashe kusa da ƙafar Renzo. “Ita ta ce in kawo maka. Wai ta bar hasken a hannunka.” Renzo bai ce na gode ba, amma bai harare shi ba, kuma a wurinsa wannan babbar kyauta ce.

Da aka zo waƙar, yatsansa ya daɗe a kan maɓallin hoda. Sannan ya matsa gefe ya tura farin.

Sai ga ta nan. Tamojin goshi, ɗan tabon haɓa da ta samu ranar da ta faɗi a lambu, idanun da ke kumbura kaɗan in ba ta yi barci sosai ba. Fuskar da yake gani kowace safiya a baranda ce, wadda ba wanda ya san ta sai shi. Yanzu ga gari guda ya zuba mata ido, mata na share hawaye, mai kantin magani ya miƙo wuya daga bayan labule. A nan Renzo ya gane abin da yake ɓoyewa a gwangwanin biskit duk shekarun nan, kuma kishin da ya taso masa ya fi wanda ya yi da Warwick zafi nesa ba kusa ba. Amma ya cije, ya riƙe hasken bai rage ko kaɗan ba har ta kai ƙarshe.

Noelene ta tsara a bar hasken a kanta har a gama tafi. Amma muryar Glenys na yankewa, sai Renzo ya kashe komai ɗif. A cikin duhu garinmu ya yi tafin da bai taɓa yin irinsa ba.

A mota, kan hanyar gida, ta ce, “Ka yi rowa, tsoho.”

Ya ce, “Sun ga rabonsu. Sauran kuwa nawa ne.”