Saƙon Likita da Bai Kai ga Baba Ba

Ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safe, ranar Laraba, mu uku ne a ɗakin likita: shi likitan, da ni, da Baffa, ƙanen mahaifina. Mai ciwon, wato Baba, yana waje a kan benci. Ya ƙi shiga. Ni ne ɗansa na fari, kuma a gidanmu uba ba ya zama ɗaki ɗaya da ɗan fari ana zancen tsiraicinsa. Ko sunana bai taɓa kira ba. In yana da magana da ni, Baffa yake aikowa. In ni ke da magana, Baffa nake faɗa wa. Shekarata arba'in a lokacin, da 'ya'ya biyar.

Bari in faɗi yadda muka kai can. Ruwan dam ɗin Bakolori ya cinye gonarmu ta wajen Maradun, muka dawo kusa da Bakura, Baba ya samu fili a bakin kanal, wato magudanar ruwan dam, yana noman shinkafa. Ni kuma da 'yar firamarena na samu aiki a sito ɗin iri a Talata Mafara, ina awo ina tantancewa. Duk mai shiga ruwan kanal ya san fitsarin jini. Tsargiya ce, a sha magani a koma gona. Saboda haka da Baba ya fara ganin jini, fitsarin kuma yana zuwa masa ɗigo-ɗigo, duk majalisarsu ta ce tsargiya. Shekara biyu ana cewa tsargiya. Sai ranar da fitsarin ya tsaya cak aka ɗauke shi zuwa asibitin birni, aka sa masa robar fitsari, aka yi gwaje-gwaje, aka yi masa aiki. Wannan Larabar ita ce ranar sallama.

Likitan ba ya jin Hausa sosai. Ya yi mini Turanci, ni in juya wa Baffa, Baffa ya kai wa Baba. Ya ce ciwon daji ne a wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Aikin da aka yi ya yanke wa ciwon abin da yake ci, zai lafa, amma bai mutu ba. Ya ɗauki biro ya zana 'yan da'irori a bayan takarda. Ya ce ƙwayoyin ciwon ba iri ɗaya ba ne, ko a jikin mutum guda. Wasu za su kwanta, wasu ba ruwansu da aikin. Ya ce masu bincike ma suna zaton ƙwaya biyu kan haɗe su zama ɗaya, su haifi wani iri da bai yi kama da ko ɗaya daga cikinsu ba.

Na gane shi sarai, don aikina ke nan. Na sha ganin buhun iri mai kyau a ido, a shuka shi, ya fito gauraye, wani ya nuna wani yana ɗanye. Na sha ganin an yi feshi ciyawa ta mutu, amma wata mai kama da shinkafar ta tsaya da ƙafarta ta cinye gonar. Da wannan misalin na juya wa Baffa maganar.

"Wai wanga likita na, ko malamin gona?" in ji Baffa. "Taƙaita min. Ya warke ko bai warke ba?"

"Bai warke ba, Baffa. Lafawa zai yi."

"To lafawa ai sauƙi na. Mi kake so kuma?"

Likita ya ba da umarni uku. Na ɗaya, a kawo shi duk bayan wata uku a gwada jininsa. Na biyu, ko ya ji garau kada a fasa. Na uku, ranar da ya ce bayansa na ciwo ko ƙafarsa ta yi nauyi, a kawo shi a ranar, ba washegari ba. Na maimaita wa Baffa su ɗaya bayan ɗaya, har ya ce in daina ƙirga masa kamar ɗan makaranta.

Muka fito. Baba bai dube ni ba, ya dubi ƙanensa.

"Mi yac ce?"

"Yaya, ya ce an cire ciwon. Sai godiya ga Allah."

Ina tsaye taku huɗu daga benci, riƙe da jakar kayansa. Na ji da kunnena. Na yi shiru. Na ce a raina sai mun isa gida in sake zama da Baffa a gyara.

Kafin in zauna da shi an riga an yanka rago. Aka toya waina, liman ya yi addu'a, mutane suka zo daga Bakura da Maradun suna barka da arziki. Baba kuwa ya miƙe da gaske, ya yi ƙiba, ya koma gona. Da wata uku ta cika na tafi wurin Baffa da katin asibiti a hannuna.

"Mutum ya yi sadakar warkewa gaban jama'a," in ji shi, "sannan a koma a tono ciwo? Mi za mu ce ma Allah? Boko ya ɓata ka, ko shi ma rabi ka yi."

A wata na shida na koma. Ya ce ya faɗa masa, Yaya ya ce a bari sai bayan girbi. Daga baya na gane ko baki bai buɗe ba. A wata na tara na koma, ya ce in ba ni da aiki in zo in taya shi korar tsuntsaye. Kullum kuma ina gaishe da Baba da safe, in durƙusa a ƙofar zaure, ya amsa yana kallon wani wuri. Tsakanina da shi bai fi zira'i uku ba. Ban taɓa cewa, "Baba, likita ya ce ka koma," ba.

A dashen shekara ta biyu Baffa da kansa ya ba ni labari, yana dariya, wai Yaya ya tsufa, baya ya fara ciwo. Na tuna masa umarni na uku.

"Wa ke dashe bayanai bai yi ciwo ba? Ni ma nawa na ciwo. Kawo mota a kwashe mu duka."

Sati uku bayan haka, da hantsi, Baba ya sunkuya zai buɗe wa gonarsa ruwa, ƙafafun suka ƙi ɗaukarsa. A amalanke aka kawo shi gida.

Likitan nan dai muka tarar. Wannan karon Baba yana kan gado, ba halin fita waje. Likita ya buɗe kati, ya ga babu kwanan wata a ciki sai na ranar sallama. Bai bi ta kaina ba. Da 'yar Hausarsa ya fuskanci Baba.

"Baba, me ya sa ba ka zo ba? Na ce wata uku, wata uku. Na ce in baya ya yi ciwo, ka zo."

Baba ya dubi Baffa. Baffa ya dubi siminti. Sai Baba ya juyo kaina, ya dube ni cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tun da na yi wayo.

"Kai, kana nan sadda anka hwaɗi haka?"

"Ina nan, Baba."

"Ka ji?"

"Na ji."

"Kay yi shiru?"

Sai ya mayar da fuskarsa bango.

Likita ya gaya mini ciwon ya canza, ya shiga ƙashin baya ya danne jijiya. Bai ce da an zo da wuri zai warke ba. Mutum ne mai gaskiya. Ya ce da an zo satin da bayan ya fara, akwai abin da za a gwada, wataƙila da ya tsira da ƙafafunsa.

Wata goma sha ɗaya Baba ya yi a kwance kafin Allah Ya karɓi abinsa. Baffa yakan leƙo ya ce "Ya jiki, Yaya?" ya wuce kasuwa. Ni ne mai juya shi. Ni ne mai zubar da jakar fitsari, mai wanke shi ciki da waje, mai shafa masa magani a inda kwanciya ta cinye. Babu inda hannuna bai taɓa ba a jikin mahaifina. Wannan shi ne abin da har yau yake tafasa mini zuciya: kunyar da na tsare ba ta tsaru ba, ƙafafunsa kuma sun tafi. Ina fushi da majalisar da ta ce tsargiya. Ina fushi da Baffa, Allah Ya gafarta masa, shi ma ya rasu. Amma su ba su ji Turancin ba. Ni na ji.

Kai mai karatu, in kana da uba ko yaya da fitsari ya fara yi masa wuya, kai shi a duba. In likita ya ba ka saƙo, kada ka aiki kowa. Durƙusa, ka sunkuyar da kai in ka ga dama, amma ka faɗa masa da bakinka, duka, a ranar.